Kundin Ajin Turanci na Lokacin Kaka

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Yau da hantsi muka buɗe ajin Turanci na mata a ɗakin taron unguwarmu, a nan Yokshaya ta Yamma da ke arewacin Ingila. Na ɗauki niyyar rubuta yadda aikin yake tafiya, domin duk wadda za ta ɗauki irin wannan nauyi a wani gari ta samu abin dubawa. Yawancin matan da suka zo sun biyo mazajensu ne da suke karatu ko aikin asibiti. Akwai 'yan Kano da Zariya da Katsina, akwai mutuniyar Damagaram wadda ta yi bokonta da Faransanci, akwai wadda ta tashi a zangon Kumasi, sannan akwai dattijuwa guda da ta zo renon jikoki, wadda kowa yake kira Hajiya.

Kusan kowacce tana da Turancin da zai ishe ta cefane da hawa bas. Inda gizo yake saƙa shi ne makarantar yara. An koma karatu a farkon wannan wata, kuma daga yanzu har ƙarshen shekara saƙonni za su yi ta shigowa wayar uwa: a kawo gwangwanin abinci ranar kaza, a sa wa yaro kaya iri kaza, a zo taron iyaye da ƙarfe kaza. Abin da na tarar shi ne, uwa takan miƙa wa ɗanta mai shekara takwas waya ya karanta mata, shi kuma ya faɗa mata iya abin da ya ga dama. Wannan ya daɗe yana damuna, domin duk gidan da yaro ya zama tafinta tsakanin uwarsa da malamansa, ragamar tarbiyya ta fara suɓucewa daga hannun uwar.

Saboda haka ba zan bi jerin darussan littafi ba. Za mu bi lokacin kaka na ƙasar nan yadda yake zuwa: kowace Asabar ƙa'idar nahawu guda, kalmomi kaɗan, da wata al'ada da matan za su ci karo da ita a titi ko a ƙofar makaranta cikin makon. Sharaɗin da na gindaya shi ne kada a koyar da jimlar da babu wadda za ta bukace ta kafin Asabar mai zuwa.

Asabar, 14 ga Satumba

Mun fara da bambanci tsakanin abin da yake faruwa yanzu da abin da aka saba. Na fitar da su harabar ɗakin, inda akwai wata babbar bishiya da ganyenta ya riga na sauran bishiyoyi bushewa tun daga gefe, na ce kowacce ta faɗi abin da idonta yake gani. Aka ce "the leaves are falling". Sai na tambaya, to idan kowace shekara ake nufi fa? A nan Hausa ta yi mana rana, domin tana da wannan rabo sarai: "ganye yana zuba" daban, "ganye yakan zuba" daban. Na rubuta "yana" a gefe guda na allo, "yakan" a ɗaya gefen, na jera "leaves are falling" ƙarƙashin na farko da "leaves fall in autumn" ƙarƙashin na biyu, kafin a ce me abin ya zauna musu. Ra'ayina a kan littattafan da ake rubuta wa baƙi baki ɗaya shi ne, suna cinye lokaci wajen bayanin abin da Bahaushe ya riga ya sani a harshensa, sannan su tsallake wurin da yake tuntuɓe.

Wurin tuntuɓen namu biyu ne. Na farko harafin s da ake liƙa wa aikatau idan mai aikin tilo ne, kamar "the tree loses its leaves", wanda yake ɓacewa da zarar an fara magana da sauri. Na biyu shi ne aikatau irin su "have" da "know" da "want", waɗanda ba sa karɓar lokaci mai ci, wato sigar abin da yake faruwa yanzu, idan mallaka ko sani ake nufi. Da yawa sun taho daga gida da "I am having three children", alhali a kunnen mutumin nan wannan jimla tana nufin mace tana ɗauke da cikin 'yan uku.

Na yi musu bayanin dalilin canjin launin ganye a taƙaice: yini yana gajarta, bishiya tana janye sinadarin da yake ba ganye kore ta adana amfaninsa, sai launin ɗorawa da dama yake ɓoye a ƙarƙashi ya bayyana. Kafin a tashi kowacce ta rubuta jimla a kan wata bishiya ta gida. Mutuniyar Damagaram ta rubuta cewa gawo yakan zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, kuma ta sa s ɗinta daidai a wuri biyu.

Asabar, 21 ga Satumba

Gobe dare da rana za su kusan yin daidai, daga nan dare zai fara rinjaye, don haka muka ɗauki kwatanci: "colder", "darker", "wetter", "shorter". Hausa tana yin wannan aiki da "fi" kawai, shi ya sa ake samun "more colder", wato an ɗora alama biyu a kan abu guda. Ƙa'idar da na ba su ita ce gajeriyar sifa ta ɗauki "er", doguwa ta ɗauki "more", ba a haɗa su. Mun ƙara da kalmomin yanayi da ake ji a hasashen safe, irin su "drizzle" na yayyafi, "fog" na hazo mai laima, "frost" na raɓar da take daskarewa a kan ciyawa da gilashin mota. Aikin gida shi ne kowacce ta yi wa wata uwa maganar yanayi a ƙofar makaranta, domin a ƙasar nan da ita ake buɗe hira da wanda ba a sani ba.

Asabar, 28 ga Satumba

Saƙon da nake jira ya iso, kuma mata huɗu suka zo da shi a waya tun kafin in tambaya: makarantu suna shirin bikin girbi, ana roƙon kowane yaro ya kawo abincin da ba ya saurin lalacewa. Wannan darasi ya ɗauke mu lokaci fiye da yadda na tsara, kuma ya cancanci haka.

Na fara da tarihin abin. Manoman Ingila sun daɗe suna yin liyafa idan an shigar da damin ƙarshe, amma bikin a siffarsa ta coci ana danganta shi da wani limamin Kirista mai suna Robert Hawker, wanda ya tara mutanen Morwenstow a yankin Konwal a shekarar 1843 don godiya a kan amfanin gona. A yau yawancin yaran da suke bikin ba su taɓa ganin an yanke alkama ba. Abin da ake tarawa gwangwanin wake ne da tumatir da kifi, da taliya da shinkafa da shayi, a kai rumbun abinci na unguwa inda ake raba wa masu ƙaramin ƙarfi.

Jerin kayan shi ya zama darasinmu na sunayen da ake ƙirgawa da waɗanda ba a ƙirgawa. Na tambayi Hajiya ko a kasuwar Rimi ana cewa a ba ni shinkafa uku. Ta ce a'a, Malama, sai dai kwano uku ko buhu uku. Na ce to haka Turanci yake: babu "three rices", sai "three bags of rice", "two tins of tomatoes", "a box of tea". Daga nan "much" da "many" suka rabu da kansu. Wahalar ta zo ne a kan sunayen da hankali yake ganin za su ƙirgu amma Turanci ya hana, wato "advice", "information", "furniture", "luggage" da "homework". Waɗannan babu dabara a cikinsu face hadda, kuma na ce a rubuta su a manna a jikin firiji.

Sai ga tambayar da ta fi nahawu nauyi. Wata daga cikin 'yan Zariya ta ce makarantar 'yarta ta cocin Ingila ce, kuma za a kai yara coci ranar bikin, ita kuwa ba ta so, amma tana tsoron kada a ɗauke ta mai tsaurin kai. Na shaida mata cewa dokar ƙasar nan ta ba iyaye damar janye ɗansu daga ibadar da makaranta take yi a tare, kuma malamai sun saba da irin wannan roƙo. Muka rubuta takarda tare a allo, jimla biyu kacal: "Please excuse my daughter from the church service. We are happy to send some food." Na nace a kan jimla ta biyu. Ciyar da mabukaci abu ne da addininmu ya kwaɗaitar a kai, kuma uwar da ta janye 'yarta daga ibada amma ta aika da jakar abinci cike ta nuna wa makaranta ainihin inda iyakarta take, ba tare da ta ware kanta daga maƙwabta ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Bishiyar harabar nan tamu ta zubar da 'ya'yanta. Kowanne yana cikin koren ɓawo mai ƙaya, idan ya tsage sai ƙwallo mai ruwan ƙasa ya fito yana sheƙi, da farin tabo a gefe guda. Shi ake kira "conker", kuma yaran matan nan sun cika aljihu da shi. Wasan shi ne a huda ƙwallon, a zura igiya a ƙulle, yaro ɗaya ya riƙe nasa yana reto, ɗayan ya kai masa duka da nasa, wanda nasa ya fashe shi ya faɗi. Har gasar duniya ake yi a yankin Northamptonshire tun shekarar 1965, a Lahadi ta biyu ta Oktoba, wadda ta kama gobe.

Na zo da shi aji ne saboda wani dalili na lafiya. Ya yi kama ƙwarai da wani ɗan itace da ake gasawa a ci, wanda ake sayarwa a kanti da sunan "chestnut", amma na wasan yana da guba kuma yana ɓata ciki. Wata ta ce da ta ga yaranta sun tara su, har ta yi tunanin dafawa. Wannan ya ba mu jimlar da babu wadda za ta manta: "You mustn't eat conkers." Na ajiye ta kusa da "You don't have to bring anything", wadda take yawan zuwa a saƙon makaranta. Yawancinsu sun ɗauka duka biyun hani ne. Ta farko ce kaɗai hani, ta biyu tana nufin ba dole ba ne, in kin so ki kawo. Wata ta tuna cewa a bara ta hana ɗanta zuwa wata tafiya ta makaranta saboda ta karanta irin wannan jimla a matsayin an hana.

Rabin sa'a na ƙarshe mun yi shi ne a kan p da f, domin makonni masu zuwa cike suke da su: "pumpkin", "poppy", "parkin", "fireworks", "fog". Na raba musu 'yar takarda kowacce ta riƙe gaban baki. Idan an haɗe leɓe an sake su da iska, takarda ta motsa da ƙarfi, p ce. Idan haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa, f ce.

Asabar, 19 ga Oktoba

Taron iyaye da malamai yana tafe a makarantu da dama, inda ake ba kowane gida kusan minti goma. Mun yi atisayen gina tambaya, musamman yadda "do" da "does" suke shigowa gaba su ƙwace s daga aikatau: "Does he listen in class?" Na zauna a matsayin malamar aji, su kuma suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Na lura cewa kunya takan sa su ce "yes" ga abin da ba su ji ba, don haka jimlar da muka fi maimaitawa ita ce "Could you say that again more slowly, please?" Na roƙi kowacce ta je taron da kanta, ko da maigida zai je, kuma ta yi tambaya aƙalla guda da bakinta.

Asabar, 26 ga Oktoba

Cikin daren nan, idan ƙarfe biyu ya buga, za a mayar da agogo ƙarfe ɗaya. Ana yin haka kowace Lahadin ƙarshe ta Oktoba, sannan a tura shi gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris. Birtaniya ta fara wannan tsari a shekarar 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, don a rage ƙona kwal, bayan wani magini mai suna William Willett ya yi ta fafutuka a kai tun 1907, ya kuma rasu shekara guda kafin a amince. Abin da ya shafi matan kai tsaye shi ne daga gobe magariba za ta faɗo kafin ƙarfe biyar, la'asar kuma za ta riƙa kama su a hanyar ɗauko yara. Lokacinmu da ya yi daidai da na Najeriya da Nijar tun watan Maris zai koma baya da sa'a guda, mutuniyar Kumasi kuwa yanzu ne agogonta zai daidaita da na gida.

Da wannan muka shiga "at", "on" da "in": "at" na sa'a, "on" na rana, "in" na wata da shekara da lokacin shekara. Faɗin lokaci bai ba su wuya ba, tunda "saura kwata" da "da kwata" suna nan a bakinmu. Abin da ya rikita su shi ne "half five" da mutanen nan suke cewa, wanda yake nufin biyar da rabi.

Sauran lokacin Halowin ya cinye shi, wanda zai kama ranar Alhamis, 31 ga wata. Na faɗa musu abin da aka sani na asalinsa: jajibirin ranar tunawa da waliyyai ta Kiristoci ce, wadda take 1 ga Nuwamba, kuma ana alaƙanta shi da tsohon bikin ƙarshen girbi na mutanen Ayalan da Sikotlan, inda ake ɗauka cewa a wannan dare ruhohin matattu suna kusantar masu rai. A can ana fafe wani kayan lambu mai saiwa a sa masa wuta a ciki, da 'yan ƙaura suka isa Amurka suka samu kabewa ta fi sauƙin fafewa, daga baya al'adar ta dawo Ingila da rigar Amurka. Da na ce yara suna shigar ban tsoro suna bin gida gida ana ba su alewa, Hajiya ta ce, ashe tashe ne. A fuskar yawon yara da neman kyauta akwai kama, amma tushen ba ɗaya ba ne, kuma na bayyana musu haka.

Ajin ya rabu. Mafi yawa sun ce yaransu ba za su fita ba, kaɗan suka ce za su bar alewa a ƙofa saboda yaran maƙwabta. Ban shiga tsakani da hukunci ba, domin wannan magana ce ta kowane gida da malamansa. Abin da yake wuyana shi ne kowacce ta iya faɗin matsayinta da bakinta cikin ladabi. Muka koyi "Sorry, we don't celebrate Halloween, but have a nice evening", wadda ta mayar da mu kan lokaci sabau, wato na abin da aka saba, da muka fara da shi. Na kuma gaya musu ƙa'idar da ba a rubuta ba: galibi yara gidan da ya ajiye kabewa ko ado a ƙofa suke ƙwanƙwasawa, gidan da ya kashe fitilar waje sukan wuce shi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Makon hutun tsakiyar zango ne, don haka ajin ya cika da yara, aka ware musu kusurwa da takardu da alƙaluman launi. Rahoton daren Alhamis ya yi daɗi: biyu sun yi amfani da jimlarsu, yaran suka ce "no problem" suka wuce. Wasu sun sayi kabewar da kantuna suka karya wa farashi washegari don yin miyar taushe, suka tarar irin wadda ake fafewa ruwa ne ya yi mata yawa, ba ta da garɗi. Mutuniyar Katsina ta ba da shawarar doguwar nan mai wuya da ake kira "butternut squash", kalmar kuwa ta shiga littafin kowa.

Tun kwanakin baya ake jin fashe-fashe da dare, kuma wadda ba ta daɗe da zuwa ba ta ce ta kwana a firgice tana zaton harbi ne. Shirin daren 5 ga Nuwamba ne, kuma labarinsa shi ne darasinmu na shuɗaɗɗen lokaci. A shekarar 1605 wasu 'yan Katolika ƙarƙashin jagorancin Robert Catesby, waɗanda suka gaji da matsin da ake yi wa mabiya ɗariƙarsu, suka ƙulla tarwatsa majalisar dokoki a Landan ranar da Sarki Jems na Ɗaya zai buɗe ta. Suka ɓoye gangar albarushi 36 a wani ɗaki ƙarƙashin ginin. Wata wasiƙa marar sa hannu da aka aika wa Lord Monteagle, ana gargaɗinsa kada ya halarci zaman, ita ta tona asiri. Aka bincike ginin cikin dare, aka kama Guy Fawkes yana gadin gangunan. Shi mutumin Yok ne, nan kusa da mu, an haife shi a 1570, ya kuma yi aikin soja a rundunar Sifen. An kashe shi da wasu abokan ƙullin a Janairun 1606, a shekarar kuma majalisa ta yi dokar godiya ta kowace 5 ga Nuwamba, wadda ba a soke ta ba sai 1859. Dokar ta tafi, amma hura babbar wuta da ƙona mutum-mutumi da wasan wuta sun zauna.

Na yanyanka labarin jimla jimla a takardu, na hargitsa, suka jera shi. Aikatau masu bauɗewa sun fito da yawa: "hid", "sent", "found", "caught", "burnt". Amma abin da ya fi faranta mini shi ne jimlar da ba a ambaci mai aiki ba, wadda malamai suke ɗauka babban dutse ce. Na rubuta "an kama shi", "an aika da wasiƙa", "an gano ganguna", na ce duk inda Hausa ta ce "an" ko "aka", Turanci yana iya juya jimlar ya ce "he was arrested", "a letter was sent", "the barrels were found". Wannan siga ita ce harshen saƙon hukuma da na makaranta, irin su "children must be collected at three", don haka amfaninta ya wuce labarin Fawkes nesa.

Mun rufe da dokokin wasan wuta: ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ba a harbawa bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare, amma a wannan dare an ɗaga zuwa sha biyu. Shawarata ita ce duk mai son yara su gani ta kai su filin da aka shirya a hukumance, ta bar saye a gida.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Kowacce ta ba da labarin daren Talata cikin jimla biyar na shuɗaɗɗen lokaci, kuma a karon farko ban ji an koma Hausa a tsakiyar labari ba sai sau ƙalilan. Wata maƙwabciya Baturiya ta ba ɗaya daga cikinsu "parkin", wato kek ɗin Yokshaya mai danƙo da ake yi da garin oti da citta da baƙar madi a wannan lokaci, ita kuma ta rama da cincin. Ta ce sun tsaya hira a ƙofa har sanyi ya kore su, kuma ta tambayi matar kayan haɗin kek ɗin da kanta kafin ta ba yara.

Darasin yau jan furen takarda ne da suke gani a ƙirjin mutane da masu karanta labarai. Gobe Lahadin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, jibi kuma 11 ga wata, ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya da ƙarfe goma sha ɗaya na safe a 1918. Ana yin shiru na minti biyu a makarantu da kantuna da tashoshi, don haka na gargaɗe su kada su yi mamaki idan mai karɓar kuɗi ta tsaya cak. Furen shi ne irin wanda ya tsiro a filayen daga na Faransa da Beljiyam, kuma ƙungiyar tsofaffin sojojin Birtaniya tana sayar da na takarda tun 1921 don tallafa wa 'yan mazan jiya da iyalansu.

Wata ta ce wannan ai yaƙinsu ne, bai shafe mu ba. Kafin in amsa Hajiya ta ɗaga hannu ta ce mahaifinta ya je Bama, ƙasar nan ta Asiya da yanzu ake kira Myanmar. Na ƙara da abin da tarihi ya tabbatar: runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da sojojin Japan a Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, da yawan sojojinsu daga arewacin Najeriya suke, kuma Hausa tana cikin harsunan da ake ba da umarni da su a bataliyoyin Najeriya. Kafin nan ma sojojin Najeriya sun yi yaƙi a Kamaru da Afirka ta Gabas a yaƙin farko. Najeriya tana nata tunawa ranar 15 ga Janairu. Sanya furen ko barinsa zaɓin mutum ne, amma ina so jikokin Hajiya su san cewa idan aka yi shirun nan a ajinsu, kakan mahaifiyarsu yana cikin waɗanda ake nufi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Hajiya ta zo da shafi guda a kan mahaifinta, da rubutun hannunta. Ta karanta shi a tsaye: an ɗauke shi soja yana saurayi, an kai su ta jirgin ruwa, ya dawo da ciwon ƙafa da bai rabu da shi ba. Siga marar mai aiki ta fito sau uku daidai. Gyaran da na yi mata na "a" da "the" ne kawai, waɗanda har yanzu su ne raunin ajin baki ɗaya. Ta ce za ta ba jikarta ta kai wa malamar tarihi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na yi musu gwaji da saƙonnin makaranta na gaske, bayan na goge sunaye. Kowacce ta karanta saƙo, ta faɗi da Hausa abin da ake so, da ranar, da ko dole ne ko ba dole ba, sannan ta rubuta amsa. A fahimta kusan duka sun haye. A rubutu, lokaci sabau da shuɗaɗɗen lokaci da kwatanci sun zauna, harafin s yana zuwa a takarda amma yana guduwa a baki, "a" da "the" kuwa sai an sake musu darasi na musamman. Mutuniyar Damagaram ta fi kowa a nan saboda Faransancinta, don haka na roƙe ta ta jagoranci ƙaramin rukuni a kai. Waɗanda suka je taron iyaye sun ce sun yi tambayoyinsu, ɗaya ma ta gano cewa ɗanta yana da aikin karatu na kowane dare da bai taɓa ambata mata ba.

Rana yanzu tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, wasu kuma sun fara fashi saboda mura ta kama yara. Matan sun nemi a ci gaba cikin hunturu, kuma abin da suka fi so shi ne yadda ake kiran asibitin unguwa da safe a nemi ganin likita, da yadda ake bayyana ciwo da tsawon kwanakinsa. Wannan zai kai mu ga "has had" da "since" da "for", waɗanda na jinkirta da gangan har a samu bukatarsu. Saƙonnin wasan kwaikwayo na Kirsimeti ma sun fara shigowa, kuma za mu bi da su yadda muka bi da bikin girbi. Masu kula da ɗakin sun amince mu riƙe Asabar ɗinmu har watan Fabrairu. Abin da ya rage kafin mako mai zuwa shi ne samun wadda za ta riƙa zama da ƙananan yara a ɗakin gefe, da buga sabbin takardun darasi a kan sassan jiki da alamomin rashin lafiya.